Muhawara: Manyan kantunan kayan laturoni da suka rufe, me aka rasa da tafiyarsu?

Injiniya Mai Ritaya:

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, ina so in jawo hankalinmu ga wata magana da ke yawan tasowa idan waɗanda suka yi zaman karatu ko aiki a ƙasashen Turawa suka haɗu, wato kewar manyan kantunan kayan laturoni waɗanda suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. A Amurka, Circuit City ya rufe rassansa gaba ɗaya a 2009, RadioShack ya je kotu ya bayyana karayar jarinsa a 2015 kuma ya sake komawa a 2017, shi kuwa Fry's Electronics dare ɗaya ya garƙame ƙofofinsa a 2021. A Ingila ma haka ta faru da Comet da Maplin. Duk wanda ka tambaya dalili sai ya ce maka cinikin intanet ne ya kashe su, ya tsaya nan, ni kuma wannan amsa ba ta gamsar da ni ba.

Wanda na fi sani shi ne RadioShack, domin shi ne kantinmu lokacin da nake karatun injiniyan lantarki a jihar Texas a ƙarshen shekarun 1970. Wasu 'yan'uwa biyu, Theodore da Milton Deutschmann, su suka kafa shi a birnin Boston a 1921 don sayar da kayan rediyo ga masu sha'awar haɗa na'ura da hannunsu, sannan a farkon shekarun 1960 kamfanin Tandy na Fort Worth, wanda asalin sana'arsa kayan fata ce, ya saye shi yana gab da mutuwa, ya tashe shi, ya baza shi ko'ina. Zuwa 1999 rassansa sun haura 8,000 a duniya. Amma ba yawan rassan ne ya tsaya mini a rai ba. A can ƙuryar kowane kanti akwai wata kabad mai ƙananan durowoyi, kowace da takardar sunan ƙaramin sashen haɗa na'ura da ke cikinta, wannan ta rezista, waccan ta kafasita, na ƙasa kuma tiranzista da fiyus da ƙananan makunnai, an ɗaure su bibbiyu ko biyar-biyar a 'yar leda. Ɗalibin da bai da cikakkiyar dala ɗaya a aljihu yana iya shiga ya ja durowa ya zaɓi abin da yake nema, kuma ma'aikacin ba zai raina cinikin ba. Sau da yawa ma shi zai karɓi takardar da ka zana aikinka a kai ya duba, ya ce maka wannan kafasitar ba za ta ɗauki ƙarfin wutar da kake son ba ta ba, ɗauki ta kusa da ita. Har kati suke bayarwa wanda ake karɓar batir ɗaya kyauta da shi kowane wata, kuma mu da ba ma rabuwa da rediyo don neman labarin gida a gajeren zango ba ma bari watan ya wuce mu.

A ganina abin da mutane ke kewa ke nan, wurin da ake sayar da ƙaramin abu da kuma mutumin da ya san amfaninsa. Ra'ayina kuma shi ne kantunan nan da hannunsu suka fara zubar da wannan, tun intanet bai yi ƙarfin da zai kayar da su ba. Ina son jin ta bakinku, musamman waɗanda ba su yarda da ni ba.

Baban Ilham:

Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya, Baba Injiniya. Abin da kuka faɗa game da durowoyin nan shi ne daidai abin da Maplin yake a wurinmu mazauna Ingila. Kamfanin ya fara ne a 1972 a yankin Essex, mutum uku ne kawai, Roger Allen da matarsa Sandra da abokinsu Doug Simmons, suna aika wa mutane ƙananan kayan gyara ta gidan waya. Daga baya ya zama kanti mai rassa kusan 200, kuma kundin kayansu da suke bugawa duk shekara, mai kauri da zanen jiragen sararin samaniya a bangonsa, yara da yawa da shi suka fara sanin sunayen kayan laturoni. Mu baƙi kuwa amfaninsa a gare mu na daban ne. Duk mai shirin tafiya gida hutu sai ya biya ta can ya nemi fitila mai caji, ko na'urar kare kaya daga tsallen wuta, ko wata igiyar haɗa talabijin da ba kowane kanti ke ajiye ta ba, kuma yana iya ɗaukar na'urar tasa ya je da ita a gwada a gabansa. Ranar 28 ga Fabrairun 2018 aka miƙa kamfanin ga masu raba kadarori, rana ɗaya da kantin kayan wasan yara na Toys R Us reshen Ingila, ma'aikata sama da 2,000 suka shiga halin rashin tabbas.

Tarihin Comet kuma ya fi ba ni sha'awa. George Hollingbery ya kafa shi a birnin Hull a 1933, kuma aikinsa na farko shi ne yi wa mutane cajin batirin rediyo su biya, kamar dai yadda masu cajin waya ke yi a bakin titunanmu yanzu. Daga nan ya girma har ya kai rassa 236 lokacin da ya faɗi a watan Nuwamban 2012.

Sai dai zan ƙara wani dalili a kan naku. Waɗannan kantuna biyu sun faɗa hannun kamfanonin zuba jari waɗanda ba kayan laturoni ne a gabansu ba. An sayi Maplin a kan fam miliyan 244 a 2004, aka sayar da shi fam miliyan 85 a 2014. Shi kuwa Comet fam 2 kacal aka sayar da shi, bai cika shekara ba a hannun sababbin masu shi ya rushe. Kantin da ake ɗora wa bashin kuɗin da aka saye shi da su, ina zai sami abin riƙe tsofaffin ma'aikata?

Malama Maman Haidar:

Sallama gare ku baki ɗaya. Baba Injiniya, kun nemi wanda bai yarda da ku ba, to ga ni, cikin ladabi. Ni tattalin arziki nake koyarwa, kuma ina tsoron kada daɗin tuna ƙuruciya ya rufe mana ido daga lissafi. Durowoyin da kuke kewa ba su ne suke biyan hayar kanti da albashi ba. Mutumin da ya sayi rezista ta 'yan sulalla, ya kuma riƙe ma'aikaci da tambayoyi na rabin sa'a, a littafin kanti asara ce, sai dai idan akwai wani babban kaya da ke rufe giɓin. A shekarun 1970 abin da ya rufe wa RadioShack giɓin shi ne rediyon oba-oba da direbobin Amurka suka yi ta rububinsa, sai kuma kwamfutarsu TRS-80 da suka fitar a 1977, shekara ɗaya da Apple II, wadda tana cikin kwamfutocin gida na farko da mutum zai shiga kanti ya saya a haɗe. Da waɗannan suka wuce ne kamfanin ya rungumi sayar da wayar hannu da layi, ba don mugunta ba, sai don a nan ribar take a lokacin.

Babban abin da ya faru shi ne kayan da kansu sun ɓace. Ku duba abin da ke kan kantocin nan a 1995, kyamara, rikoda, ƙaramar rediyo, kalkuleta, agogon tada barci, na'urar ɗaukar saƙon tarho, kyamarar bidiyo. Daga 2007 da iPhone ta fito, sannan wayoyin Android suka biyo baya, duk waɗannan sun dunƙule sun shige waya guda. Ko da ma'aikatan kantin duk farfesoshi ne, me za su sayar?

Ga kuma maganar haraji da ba a cika kawowa ba. Shekara da shekaru masu sayarwa ta intanet a Amurka ba a tilasta musu karɓar harajin ciniki daga mai saye a jihar da ba su da reshe, alhali kantin da ke da gini dole ya karɓa. Sai a watan Yunin 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta sauya wannan hukunci, lokacin kuwa Circuit City ya kusa shekara goma a kabari. Mutane suna shiga kanti su taɓa talabijin, su yi wa ma'aikaci tambayoyi har su gamsu, sannan su koma gida su saya a Amazon. Mu masu saye muna da kaso a cikin wannan mutuwa, kuma ban ga laifin talakan da ya bi araha ba.

Injiniya Mai Ritaya:

Malama, Allah ya saka da alheri, kin kawo hujjoji masu nauyi, kuma maganar dunƙulewar kaya a cikin waya ba ni da ja a kanta. Amma ki duba Circuit City da kyau. Kamfani ne da Samuel Wurtzel ya fara a Richmond ta jihar Virginia a 1949 yana sayar da talabijin, ya girma har ya zama na biyu a cikin kantunan kayan laturoni na ƙasar. A shekarar 2000 ya daina sayar da firji da injin wanki da murhu, kayan da mutum ba ya son saya bai gani da ido ba. Sannan a watan Maris na 2007 ya sallami ma'aikata kusan 3,400, kuma kamfanin bai ɓoye dalili ba, ya ce albashinsu ne ya yi yawa, za a maye gurbinsu da masu karɓar ƙasa da haka. To su waye masu albashi mai yawa a kanti, in ba waɗanda suka daɗe suka san kaya ba? Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Watanni ashirin bayan haka kamfanin ya je kotun karayar jari, kuma zuwa Maris na 2009 rassa 567 sun rufe, mutum sama da 30,000 sun rasa aiki.

Abokin gogayyarsa Best Buy kuwa, wanda ya fuskanci Amazon ɗin nan da wayar nan da harajin nan, yana nan har yau. Da Hubert Joly ya karɓi shugabancinsa a 2012 sai ya amince a sayar da kaya a farashin intanet idan mai saye ya nuna, ya riƙe sashen masu gyara da girka kaya a gida, ya kuma ba kamfanoni irin su Samsung wuri a cikin kantin su ajiye mutanensu masu yi wa jama'a bayani. Iska ɗaya ce ta kaɗa su duka, amma ba duka suka faɗi ba, kuma wannan bambancin nake so mu duba.

Ɗalibin Lantarki:

Barkanmu da warhaka, iyayena. Ni ban taɓa shiga ko ɗaya daga cikin kantunan nan ba, saboda haka ina magana ne a matsayin wanda ya tashi bayan zamaninsu. Abin da nake gani shi ne, ɗalibi a yau ya fi na 1978 samun kaya nesa ba kusa ba. Ina zaune a Kano zan iya yin odar allon Arduino na koyon haɗa na'urori, da na'urorin auna zafi da tarin rezista daga Sin, kuma bayanin yadda ake haɗa su yana nan kyauta a YouTube, daga mutanen da suka fi kowane ma'aikacin kanti sani. A zamanin Baba Injiniya sai wanda Allah ya kai Amurka ko Ingila ne ya ga durowoyin nan, yanzu kuwa yaron Haɗeja da yaron Boston shafi ɗaya suke dubawa. Shi ya sa nake jin kewar ta waɗanda suka sami damar ce, mu ba a ƙwace mana komai ba.

Abu ɗaya zan yarda da shi, shi ne jira. Idan tiranzista ɗaya ta ƙone ana saura kwana uku a miƙa aikin makaranta, odar da za ta yi makonni a hanya ba ta da amfani, dole sai an shiga kasuwa.

Abu Yasir:

Ina zaune a Kaliforniya, kuma ina so in sa baki da labarin Fry's, domin shi kewarsa ta wani fanni ce. An buɗe shi a Sunnyvale a 1985, a tsakiyar yankin kamfanonin kwamfuta, kuma tun farko injiniyoyi ya nufa, har ana sayar da lemon kwalba da kayan ƙwalama kusa da sassan kwamfuta saboda masu aikin dare. Kowane reshe da irin adon da aka yi masa. Na Burbank an yi shi kamar jirgin halittun sararin samaniya ya faɗo ya huda bangon ƙofar shiga, na Campbell an gina shi da siffar tsohuwar Masar, na Fountain Valley kuma da ginshiƙan Rumawa. Iyali sukan je ranar hutu ko ba su da niyyar sayen komai, yara su yi kallo, uba ya tsaya a layin sassan kwamfuta yana kwatanta wannan da wancan.

A shekarunsa na ƙarshe kowa ya ga alamar mutuwa, domin kamfanin ya koma tsarin sai an sayar da kaya sannan ya biya masu kawowa, da yawansu kuma suka ƙi, kantoci suka zama fayau a cikin gine-gine masu girman filin ƙwallo. Ranar 24 ga Fabrairun 2021 aka wayi gari rassa 31 a jihohi tara duk a rufe. Ɗan'uwa Ɗalibi, gaskiya ne intanet ya fi kaya, amma a intanet abin da ka riga ka san sunansa kake nema. A kanti kuwa kana wucewa idonka zai faɗa kan abin da ba ka taɓa sanin akwai shi ba, ka ɗauka ka juya, ka karanta bayan kwalin, kuma mutane da yawa ta haka suka shiga sana'ar da suke ci da ita yau. Shi ya sa har yanzu kantin kwamfuta na Micro Center, wanda ya riƙe irin wannan tsari, yake cika da jama'a.

Hajiya Kakar 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina so in tuna muku cewa mu da ba mu tsallaka teku ba mu ma mun ga irin wannan a gida. Kingsway da Leventis da UTC ba kantunan kayan laturoni zalla ba ne, suna sayar da tufafi da kayan abinci da kayan gida, amma a Kaduna da Kano da Jos can ake zuwa idan ana son rediyo ko rikoda ko firji na gaske. Kingsway na kamfanin UAC ne, ya fara a Legas a 1948. Har yau a Kaduna idan ka ce wa mai a-daidaita-sahu ya kai ka shataletalen Leventis ba zai tambaye ka ina ne ba, ko da an haife shi bayan zamanin kantin.

Lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi, a 1975, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ɗauke ni muka je muka sayi rikoda ƙirar National Panasonic. Abin da ban manta ba shi ne yadda aka yi cinikin. Ma'aikacin ya buɗe kwalin a gabanmu, ya jona ta da wuta, ya sa kaset ya kunna, ya murɗa ya kamo Rediyon Kaduna muka ji da kunnenmu, sannan ya rubuta lambar jikin rikodar a katin garanti ya buga hatimi, ya nuna mana inda za mu kawo ta idan ta yi wani ciwo. Farashin yana manne a jiki, babu tayi, babu rantsuwa, kuma abin da za a sayar wa gwamna shi za a sayar wa masinja. Ga mace wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ina iya zuwa ni kaɗai ba tare da fargabar za a ninka mini kuɗi ko a ba ni jabu don an ga ban san kan abin ba. Wannan natsuwar ita nake kewa, ba ginin ba. Yanzu idan jikokina za su saya mini waya sai sun nemi wanda ya san wani a kasuwa ya raka su.

Da aka buɗe Game a rukunin kantunan Ado Bayero da ke Kano a 2014 na yi murna, na ce ga irin tsarin nan ya dawo, to shi ma bai yi shekara goma ba kamfanin ya tattara ya bar ƙasar.

Malama Maman Haidar:

Allah ya jiƙan Alhaji, Hajiya, ya kai haske kabarinsa. Labarinku ya ƙarfafa abin da nake faɗa ta wata fuska, domin namu kantunan ba intanet ne ya kashe su ba, kuma ba korar ƙwararru ba ce. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, shi ya sa albashin malamin makaranta yake iya sayen rediyon Japan sabuwa dal. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982 ta taƙaita shigo da kaya, sannan a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP aka karya darajar naira. Babban kanti mai biyan kwastan cikakke da albashi da kuɗin sanyaya ɗaki ba zai iya gogayya da ɗan kasuwar da ke da rumfa ɗaya da yaro ɗaya ba, musamman da masu saye suka koma neman na hannu. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 Kingsway ya zama tarihi, cinikin ya koma kasuwar Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano.

Kuma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, kantunan nan na ma'aikatan gwamnati ne da masu hali a manyan birane. Manomin ƙauye bai mallaki rediyo ta hanyarsu ba, 'yan kasuwa ne suka kai masa ita har ranar cin kasuwar garinsu, da farashin da zai iya.

Usta Mai Gyara:

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma gyaran rediyo da talabijin na tashi a ciki a Sabon Gari, kuma yanzu har waya muna taɓawa. Na ga ana ta maganar abin da Turawa suka rasa, sai na ga ya dace in ce abin nan da Yallaɓai Injiniya yake kewa bai mutu a wurinmu ba tukuna. Ka shiga layin masu sayar da kayan gyara da ƙonanniyar kafasita a tafin hannunka, mai shagon zai kalle ta ya ce maka ga irinta, in babu ya ce ga wadda za ta zauna a madadinta, in ita ma babu ya tura yaro maƙwabta, ko ya ciro maka daga jikin wata matacciyar na'ura. Guda ɗaya zai sayar maka, ba sai ka sayi ɗari ba. Haka Farm Centre take a harkar waya, haka Beirut Road a harkar kwamfuta. Abin da Hajiya ta faɗa kuma gaskiya ne, ba mu da kati mai hatimi, garantinmu sanayya ce, wanda ba a sani ba kuwa yakan sha wuya. Ba zan kare masu sayar da jabu ba, suna ɓata mana suna.

Abin da ke damuna shi ne ilimin yana raguwa, kuma laifin ba na yara kaɗai ba ne. A da idan aka kawo rediyo ba ta magana, maigidana ba ya bari in taɓa ƙarfen narka dalma sai na ɗauki mita na bi layin wuta tun daga batir, ina aunawa ina faɗa masa abin da na gani, har in iso wurin da wutar ta tsaya. Sai ka sami abin naira kaɗan ne ya mutu, ka cire ka sa sabo, rediyo ta tashi. Kayan yanzu an yi su ne ba don a buɗe ba. Waya an liƙe ta da gam, batir a manne, sassan sun ƙanƙance har sai da madubin ƙara girma, wani kamfanin ma idan ka sauya gilashi da wanda ba nasa ba sai wayar ta riƙa nuna gargaɗi. Saboda haka yaro yana shekara biyu a shago abin da ya iya shi ne cire allo gaba ɗaya ya sa wani. Idan babu mai neman rezista guda, mai sayar da ita zai daina ajiyewa, kuma ina jin ta nan durowoyin Yallaɓai suka fara mutuwa a can, tun kafin a rufe ƙofar kantin.

Baban Ilham:

Usta, Allah ya yi wa sana'a albarka, kun taɓo inda ake fafatawa a nan Turai yanzu. A watan Janairun 2021 Faransa ta wajabta a manna wa wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka da talabijin maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaransu, jihar New York kuma ta sa hannu a dokar 'yancin gyara a ƙarshen 2022, wadda ke tilasta wa kamfanoni su samar da sassa da bayanan gyara. A garuruwa da yawa akwai wuraren da 'yan sa-kai ke taruwa a ƙarshen mako suna gyara wa mutane kaya kyauta, kuma daga cikinsu akwai dattawan da suka koyi aikin a zamanin Maplin da Tandy.

Injiniya Mai Ritaya:

Usta, kun fi ni kusa da gaskiyar lamarin, kuma maganarku ta haɗa tawa da ta Malama a wurin da ban zata ba. Zan dai tsaya a kan cewa shugabannin Circuit City da RadioShack suna da zaɓi kuma sun zaɓi mafi muni, domin kamfanin da ya sallami ma'aikata kusan 400 ta saƙon imel a 2006, kamar yadda RadioShack ya yi, ya riga ya nuna matsayin mutum a wurinsa. Sunan yana nan, wani kamfani na ƙasar El Salvador mai suna Unicomer ya saye shi a 2023, amma suna kawai aka saya.

Ɗalibin Lantarki:

Na ƙaru ƙwarai, kuma har yanzu ina kan bakana cewa zamaninmu ya fi sauƙin samun kaya, sai dai bin layin wuta da mita da Usta ya kwatanta ban taɓa yin sa a kan na'ura ta gaske ba, a takarda kawai muka yi. Akwai tsohuwar rediyon kakana a gida, irin mai cin manyan batura huɗu, ta daɗe a ajiye. Idan an kunna ta sai ƙara kawai take yi, musamman idan an murɗa abin ƙara murya. Usta, daga ina ya kamata in fara?

Usta Mai Gyara:

Ɗana, fara da gidan batir. Rediyon da ta daɗe a ajiye yawanci batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarafunan da ke riƙe shi, saboda haka ka kankare su har su yi haske, ka sa sababbin batura, ka auna da mita ka tabbatar wutar tana isa allon cikakkiya, wato wajen bolt shida tunda batura huɗu ne. Ƙarar da kake ji idan ka murɗa abin murya datti ne a cikinsa, ka fesa masa ruwan wanke sassan lantarki kaɗan, ka yi ta murɗa shi gaba da baya har ya washe, haka ma makunnin sauya zango. In ƙarar ba ta tafi ba, ka duba kafasitocin nan masu kama da 'yar gwangwani, duk wadda ta kumbura ko ta yi tsatsa a ƙafa ka sauya ta da mai lamba iri ɗaya, ka kula da ɓangaren da aka yi wa alama kada ka juya ta. Akwai kuma wasu ƙananan gwangwanaye masu kusurwa huɗu da ɗan rami mai launi a kansu, waɗannan kada ka sa musu sukudireba ko da wasa, domin an daidaita su tun daga masana'anta, kuma in ka murɗa su tashoshin za su ɓace, dawo da su sai da na'urar da ba kowane shago ke da ita ba. Ka ɗauki hoton cikin kafin ka cire komai, in ka tsaya a wani wuri ka turo mana mu gani.